Wankan Jego a Hayin Hamada

Kaka ce, amma a shekarar nan kaka ba ta zo da ƙanshinta ba. Gero ya nuna a gonakin da ke nesa da Dauran, babu mai iya zuwa yanka saboda mutanen daji sun tare hanya. Tsuntsaye suka ci rabonsu, suka ci namu. Da yamma in kin zauna tsakar gida ba ki jin sussuka ko ta gida ɗaya. A farkon daminar shekarar ne kuma aka binne ɗiyata ta fari.

Sunanta ban taɓa kiransa da bakina ba, don mu nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan", har ta girma ta yi aure. Amma tun da na yi makarantar yaƙi da jahilci a Zurmi, hannuna yana iya abin da bakina ba ya iyawa: Shafa'atu. Ta dawo gida haihuwar fari. Naƙuda ta zo mata da jini, hanyar asibiti ba ta biyuwa, kafin la'asar ta tafi ita da abin da ke cikinta. Mijinta ya riga ya sauke mana itacen jego a bayan ɗaki, ni kuma na wanke babbar tukunya na ajiye. Bayan sadakar bakwai sai na ɗauki tukunyar na kife ta bisa itacen. Ni ce mai yi wa matan unguwarmu wankan jego, amma daga ranar ko an aiko sai in ce ba ni jin daɗi. Maƙwabta sun roƙi itacen, na hana.

Da rumbu ya tashi fanko, ga ƙannenta biyu, ga Malam, maigidana, ciwon ƙafa ya zaunar da shi, sai na bi matan da ke tafiya aikatau Aljeriya.

A Maraɗi na fara sanin na bar gida. Hausa ce ake yi, amma jarka ta koma bido, babbar mota ta koma kamyo. Mutumin da ya tara mu ya ce mota mai kujeru za ta kai mu har ƙarshen tafiya, kuma gidan abinci za mu yi aiki, da ɗaki da fanka. Ya raka mu har Agadas, ya ce zai je sallah ya dawo. Har yau bai idar da sallar ba. Wani ne daban ya zo ya ce an sayar masa da mu, mu tashi.

A gidan da aka ajiye mu a Agadas akwai wata Buzuwa mai share tsakar gida. Ba mu jin harshen juna. Ta dubi dugadugaina da suka tsage, ta shiga ɗaki ta fito da man shanu a murfin kwalba, ta durƙusa ta shafa mini da hannunta. Ta kuma nuna mini yadda ake naɗe fuska da gyale a bar ido kaɗai. Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

Daga garin Arlit zuwa gaba babu kwalta. An jera mu a bayan ƙaramar mota, ƙafafu a waje, an kafa wa kowa sanda tsakanin cinyoyi ya riƙe don kada ya faɗi. Direba ya ce wanda ya faɗi ya faɗi. Ni da na saba in na ɗaga ido in ga ko da kuka ɗaya ce, sai ga ƙasa babu itace, babu tsuntsu, babu ko kashin akuya. Ruwan jarka ya yi zafi kamar na shayi. Ba na magana, ba na kuka, ina riƙe da sandata. Wata yarinya da ke gefena ta ce, "Inna, ke ba ki tsoro?" Na ce ina ji. Gaskiyar ita ce tun rasuwar ɗiyata ban ƙara jin komai sosai ba, ko tsoro ko daɗi.

Garin da muka sauka a Aljeriya, mutanenmu Taman suke ce masa. An kai mu gidan wani Alhaji Bawa, mutumin ƙasarmu, shi ne mai masauki. Gidan bulo ne da ba a gama ba, maza ta gaba, mata ta baya. Shi ke raba wa mata gidajen aiki, kuma ladar wata ta hannunsa take biyowa, kafin ta iso hannunki ta rame. Gidan abinci dai babu shi. An kai ni wani gida ina goge tayil a durƙushe daga safe har yamma. Ba su dukana, ba su kuma yi mini magana sai da yatsa. Burodi safe, burodi dare. Abin da na fi kewa ba tuwo ba ne, ƙarar taɓarya ce. Gari guda babu mai daka.

Wadda ta riƙe mu a garin nan ita ce Iya Marka, mutuniyar Shinkafi. Ta daɗe can har ta iya Larabcinsu, tana da takardar zama daga mijinta da ya rasu, tana soya ƙosai a bakin lungunmu. Doguwa ce, mai wushirya, muryarta tana tsallake katanga uku. Kowace Juma'a da yamma, ranar da ba a aiki, takan tara mu a sashen mata ta bi mu ɗaya bayan ɗaya: wa aka mara, wa aka hana abinci, wa maigida ya tare a kicin. Gidan da aka taɓa mace, babu macen da ke sake zuwa, ko Alhaji Bawa zai yi ta kumfar baki. Ta sha zuwa da ƙafarta ta fito da yarinya daga gidan da aka kulle ta. Maza suna mata ba'a, suna ce mata Gwamnar Mata, ita kuma ta amsa, "Na'am, talakawana."

Ranar da ta fara ganina ta ce, "Ke 'yar Dauran, mi kinka iya ban da shiru?"

Na ce, "Shirun dai, Yaya."

Ta yi dariya ta zuba mini ƙosai a takarda. "To ci, bakin ya samu aikin yi."

Watanni sun tafi, zafi ya fara shigowa, sai wata safiya Marka ta shigo da wata yarinya a jingine da kafaɗarta, da jaririya a naɗe cikin tawul. Sunan yarinyar Luba, 'yar Banga ce ta ƙasar Ƙaura, ba ta kai ashirin ba. A gidan wani mai kanti take aiki. Ɗan gidan ne ya fi ƙarfinta, da ciki ya fito suka kulle ta a ɗakin ajiya, a nan ta haihu ita kaɗai. Da ta ji ana maganar ɗauke jaririyar, sai ta lallaɓa ta ƙofar baya ta zo ta faɗi gaban kaskon Marka.

Da hantsi Alhaji Bawa ya yi sallama a bakin labulen sashenmu. Ranar Juma'a ce, duk muna nan.

"Marka, an ce yarinyar gidan mai kanti tana nan."

"Tana nan, Alhaji. Barka ka zo? Ina itacen?"

"Bar wasa. Uwargidan ta kira ni. Sun ce jininsu ne, ba su bari a kai shi wata ƙasa. Suna da ɗiya da ta daɗe da aure ba ta haihu ba, ita za ta riƙa. Ita ko yarinya a sa ta mota ta koma gida ita kaɗai, ba wanda zai ji labari. Ruhin asiri ne."

"Asirin wa? Nata ko na ɗansu?"

"Ku mata ba ku san ƙasar mutane ba. Mutanen ga in sunka hasala, duk gidan ga sai ya tashi."

"Alhaji, tsohuwarka ta yi jegonka?"

"Wace irin magana ce wagga?"

"Tambaya ce. A garinku mai jego tana hita kahin arba'in? Ana cire jinjiri daga nono cibiya ba ta hwaɗi ba?" Ta kama labulen ta ɗaga har sama. "Ga ɗakin nan, ga ta nan kwance cikin jininta. Shigo ka ɗauka."

Ya ja da baya har sai da hularsa ta taɓa bango. Namijin Bahaushe ko ya kai shekara nawa a waje, ba ya shiga ɗakin mai jegon da ba tasa ba.

Marka ta ce, "Kuma ka ji da kyau. Ranar da ɗiyar ga ta bar hannun uwarta, ba macen da za ta sake hita aiki ta hannunka. Sai ka ɗaura zane ka tahi ka goge musu tayil da kanka."

Mata suka fashe da dariya. Ya tsaya yana gyara hula, can ya ce, "Arba'in. Zan hwaɗa musu sai ta yi arba'in, su ma sun san wannan. Amma in na gane ɓoyo ne ba jego ba, wallahi ba ruwana."

Da ya tafi Marka ta saki labule, dariyar ta bar fuskarta. Ta ce mun sayi kwana arba'in, amma sai an ga wuta safe da yamma, sai an ji ƙamshin ganye, in ba haka ba Bawa zai ce ƙarya ce. Ta dube mu. "Wa ta iya wankan jego?"

Duk yara ne, waɗansu an yi musu, ba su taɓa yi wa wani ba. Sai wadda muke kwana tabarma ɗaya ta ce, "Inna Dije ce mai yi a Dauran, ta hwaɗa mini."

Na ce, "Yaya, hannuna ya mutu."

Na zaci za ta yi mini tsawa. Sai ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa, ta rage murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce, "Mi ya kashe shi?" Na faɗa mata, da itacen, da tukunyar. Tun da na bar gida ban faɗa wa kowa ba. Da na gama ta ce, "Waccan Allah bai ba ki yi mata ba. Wagga ga ta nan da rai. Ba ni tilasta ki." Ta tashi ta fita wajen kaskonta.

Na leƙa ɗakin. Luba tana kwance tana rawar sanyi cikin wannan zafin, cikinta a sake ba a ɗaure ba, jaririyar tana neman nono ta kasa kamawa. Ban san lokacin da na durƙusa na gyara mata riƙon ba. Da bakin ya kama, Luba ta ɗago ta dube ni. Na ce a nemo mini rabin duro.

A garin nan da gas ake girki, itace sai an nema. Wata tsohuwar Balarabiya da muke katanga ɗaya da ita, wadda ba mu taɓa gaisawa ba, ta ji kukan jariri. Da yamma sai ga katakan akwati suna faɗowa ta saman katanga. Washegari ta miƙo damin ganyen turare, don can babu darbejiya. Ta nuna mini sama da yatsa, ta kaɗa kai. Na gane: in yi hankali da hayaƙi. Hayaƙi a lungu irin namu yana nuna akwai baƙi marasa takarda, kuma masu kame suna bin sa. Don haka ƙaramar wuta nake hurawa, ƙarƙashin guntun kwano, da busasshen katako kaɗai.

Ranar wankan farko na sirka ruwan, kamar yadda malamarmu ta yaƙi da jahilci ta ce a riƙa yi, ba tafasasshe tsantsa irin na iyayenmu ba. Na zaunar da Luba kan bulo, na tsoma ganye na fara watsa mata a baya.

"Wayyo Inna, zahi!"

"Daure, ɗiyata. Sanyin ne ke hita."

Kalmar ta fito ban shirya ba. Tururi ya rufe mu, ita ba ta ga fuskata ba, ni ma ban ga tata ba. Da na gama na ɗaure mata ciki da tsohon zanena, ta riƙe hannuna ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa jikinta sai don ya cuce ta.

Haka muka ci gaba. In yi mata kafin in fita aiki, in yi mata in na dawo. In gasa wa jaririya cibiya da tsumma mai ɗumi. Marka ta fito da ɗan geron da take ɓoyo, ina dama kunu da kanwa kaɗan. Kowace mace takan dawo daga aiki da wani abu a bakin zane, guntun nama, dabino, sabulu. Alhaji Bawa yakan wuce ta bakin labule ya shaƙi ƙamshin ganye, ya yi tsaki ya tafi.

Ranar suna babu rago. Marka ta soya ƙosai ta raba, ta kira wani dattijo mai gadi ya tsaya daga waje zai yi addu'a. Sai Luba ta ce, "Inna, mi ne sunan ɗiyarki?"

Mata suka ce, "Ke Luba, ɗiyar fari ce, ya za ta hwaɗi?"

Na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta da yatsa. Luba ta yi firamare, ta karanta a hankali. Ta ce, "Shi nike so."

Na ce, "In kin sa mata shi, ni ba ni iya kiranta."

"Ki kira ta yadda kinka ga dama, Inna."

Sai nake ce mata Baƙuwa.

Ba mu kai arba'in ba. Wata daga cikinmu da ke aiki maƙwabtan gidan mai kanti ta jiyo cewa uwargidan ta gaji da jira, Juma'a mai zuwa za su zo da mota lokacin da maza ke masallaci. Marka ta tara mu ran Laraba da yamma. Kuɗin mota babu, kuma ko da akwai, duk direban da ke yin kudu abokin Bawa ne, kafin mu kai bakin gari labari ya isa.

Marka ta ce, "Akwai mota guda da ba ta bi ta hannun Bawa." Duk muka dube ta. "Masu kame suna unguwar gaba tun shekaranjiya. Motar da kowa ke gudu, ita ce ke kai mutum bakin iyaka ba a tambaye shi ko sisi ba. Mai kanti kuwa ba ya zuwa gaban hukuma ya ce wagga jikata ce, don sai ya hwaɗi yadda anka yi." Ta juyo gare ni. "Dije, wutar nan taki da kike ɓoyo. Gobe da rana tsaka a bar ta ta yi magana."

Wata ta ce, "Iya, duk wadda anka iske a gidan ga ta tahi ke nan!"

"Shi ya sa na tara ku. Mai son zama ta ɗauki ƙunshinta da sahe ta kwana wani wuri. Ba laihi ba ne, kowa da bakunan da ta baro gida."

Ni ma da nawa bakunan. Na tuna ƙannen nan biyu, da rumbu, da ƙafar Malam, da ɗan abin da na samu na aika wanda bai taka kara ya karya ba. In na hau motar nan hannu biyu zan koma. Marka ta ce, "Ke ma ba dole, Dije. Ki hura ki hita ta baya."

Na ce, "To wa zai ƙarasa mata wankan?"

Da safe mafi yawa suka fita, suna sumbatar Baƙuwa suna kuka. Muka rage ni da Luba da waɗansu 'yan kaɗan da suka ce dama sun gaji. Da rana ta take na janye kwanon, na tara duk katakon da ya rage, na ɗora jiƙaƙƙen buhu da tsofaffin takalman roba. Ni da na yi wata guda ina lallashin hayaƙi, ranar na sake shi. Ya miƙe baƙi ƙirin har ya wuce bene. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo da gudu tana yarfa hannu, tana neman ruwa ta kashe. Marka ta riƙe ta, ta yi mata magana da harshensu. Tsohuwar ta dubi Luba, ta dubi jaririya. Ta fita, ta dawo da burodi da dabino da wani farin mayafi, ta yafa wa Baƙuwa a bayana, ta tofa mata addu'a.

Marka ta rungume ni a bakin ƙofa. Ta ce ita ba ta tafiya, akwai na baya. "In kin isa, ki tara matan unguwarku ran Juma'a, ki hwaɗa musu abin da ke nan. Kin ji, mai shiru?"

Ba a daɗe ba suka iso. Ba mu gudu ba, har abin ya ba su mamaki. Da ana hawar da mu mota na hangi Alhaji Bawa can ƙarshen lungu, ya leƙo rabin fuska daga bayan katanga, yana nuna bayana da yatsa, bakinsa yana motsi. Amma shi ma ba shi da takarda. Ɗaya daga cikin masu kakin ya waiwaya, sai hular ta ɓace. Marka tana zaune gaban kaskonta tana juya ƙosai kamar ba ta san mu ba. Sai da mota ta tashi ta ɗaga bakin mayafinta.

A filin da aka tara mu wata ma'aikaciya tana bin mata tana dubawa. Ta ɗaga farin mayafin, ta ga Baƙuwa ja sol da gashi mai laushi, ta dube ni baƙa, ta dubi Luba baƙa. Ta yi tambaya da harshensu, ta miƙa hannu kamar za ta kwance goyon. Na dafa ƙirjina, na nuna Luba, na nuna jaririyar, ina cewa jikata ce, jikata ce, ko da yake ba ta ji. Sai Baƙuwa ta tsala kuka. Nan take nono ya zubo wa Luba, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Matar ta tsaya tana kallon rigar. Ta mayar da mayafin yadda yake, har ta gyara bakinsa. Da ta kai ƙarshen layi ta dawo ta ajiye mana gorar ruwa, ba ta dube mu ba.

Manyan motoci suka kwashe mu zuwa kudu. Da gari ya waye aka sauke mu a tsakiyar rairayi, aka nuna mana hannu, aka ce can ne Asamaka, ƙasar Nijar. Motocin suka juya. Muka kama tafiya, mutane rututu, ƙafa tana nutsewa. Luba da ba ta gama warkewa ba ta fara layi tun rana ba ta yi tsaka ba. Wata mata 'yar ƙasar Damagaram ta shiga ƙarƙashin hammatarta, ni ina ɗaya gefen da goyo. Ina jiƙa bakin gyale ina ɗiga wa Baƙuwa a ka. Can sai na ji ta yi shiru, ba motsi. Na tsaya. Tsoron da ban ji ba a tafiyar zuwa, duk ya sauko mini lokaci ɗaya. Na kasa kwance goyon, na ce wa 'yar Damagaram ta duba mini.

Ta ɗaga mayafi ta leƙa. "Barci take, baiwar Allah. Har da yawu."

Na zauna a rairayin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ɗiyata. Luba ce ta koma tana lallashina, tana cewa, "Inna tashi, ga rumfuna can." Da gaske rumfuna ne, da masu ba da ruwa.

Mun daɗe a hannun masu taimako, daga Asamaka zuwa Agadas, kafin a sa mu motar gida. Arba'in ta cika a hanya, babu ruwan zafi ko na kofi ɗaya. Luba ta ce tana tsoron Banga, uwarta ta rasu, ba ta san da wace fuska babanta zai karɓe ta ba. Na ce ba yanzu ba. Sai ta yi ƙarfi, kuma ba ita kaɗai za ta je ba, da ni da manyan matan unguwarmu za mu raka ta, mu zauna mu yi masa bayani.

Mun shiga Dauran da la'asar, ruwan fari ya sauka, ƙasa tana ƙamshi. Yara suka rugo suka riƙe ni, sun rame amma suna nan. Malam yana zaune a zaure da ƙafarsa a miƙe. Ya dubi hannuna babu kaya. Ya ce, "Sannu da hanya. Wa ke nan tare da ke?"

"Ɗiya ce, Malam, daga Banga. Wankanta bai cika ba, hanya ta ci mana. Sai mun rama."

Ya daɗe yana kallon goyon da ke bayana. Na san ya ga launin, na san ya gane. Luba ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Mi ne sunanta?"

Na jira Luba ta amsa, ba ta amsa ba. Na ce, "Shafa'atu."

Shekara ashirin da wani abu muna tare, bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Ya sunkuyar da kai, ya shafa gemu. Sannan ya miƙo hannu biyu. Na kwance ta na ba shi. Ya riƙe ta yana motsa baki, ya tofa mata, ya ce, "Ku shiga ciki. Itacenki na nan. Yara sun so su ƙona da sanyi, na hana."

Na zagaya bayan ɗaki. Ya rufe shi da tsohon kwano, ya danne da duwatsu. Gara ta ci na ƙasa, na sama yana nan a bushe.

Washegari bayan na yi sallar asuba na ɗaga tukunyar. Wani ƙadangare ya fito daga ciki ya gudu. Na wanke ta ciki da waje, na ɗora bisa murhu, na cika ta da ruwa, na jawo itacen na hura. Na fita ƙofar gida na karyo darbejiya. Da ruwa ya yi, na sirka, na taɓa da gwiwar hannu, na je bakin ɗaki na ce, "Luba, ba ni Shafa'atu in fara da ita, ke ki ɗauro zane."